Tiya biyu, buhu ɗaya: kwana huɗu a Yamai

Yayana ne ya biya kuɗin mota. A rumfarsa ta hatsi cikin kasuwar Tawa ya zaro su daga aljihun gaba, ya ƙirga, ya danƙa mini, sannan ya ce, "Kai ka sa mata son wannan abu tun tana ƙarama. Ka tafi Yamai ka gano mini. Karatun nan yaushe zai ƙare? Kuma abin da take nema, in ta same shi, wace kasuwa ake kai shi?"

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana awon gero da wake. Da tiya ya ciyar da gida, da ita ya sa ƴaƴansa lakwal, maza da mata. Ɗiyar tasa ta yi lisansi a fannin fizik a Jami'ar Abdu Mumuni, ta samu tallafin karatu ta wuce Turai, ta gama digiri na biyu, yanzu tana kan na uku. Sa'o'inta duk suna ɗakunansu, wasu da goyo na biyu. Da aka ce ta sauka Yamai wajen gwaggonta, za ta yi wata biyu tana rubutu, kuma ba za ta iso Tawa ba sai ƙarshen hutu, hankalinsa bai kwanta ba. Duk lokacin da ya tambaye ta a waya me take karantawa, sai ta ce masa wargajewar mezon masu nauyi, shi kuma sai ya miƙo mini wayar.

Ni malamin fizik da shimi ne, shekara ashirin da biyu ina riƙe da alli. Abin da aka ba ni in koyar ya tsaya ga furoton da nutron da elektaron, ƙananan ƙwayoyin da kowane abu ya ƙunsa. Na san akwai wani abu a ƙarƙashinsu, na karanta sunan kwak a littattafai, amma ban taɓa zama da wanda aikinsa ke nan ba. Don haka aiken Yaya ya zo daidai da abin da raina ya daɗe yana so.

Mun tashi bayan sallar asuba cikin sanyin Janairu, kowa ya naɗe kai. Tawa zuwa Yamai kimanin kilomita 550 ne. Hazo ya rufe tsaunukan Adar har muka wuce Badagishiri, ba mu ga rana sosai ba sai a Tsarnawa, inda hanyarmu ta haɗu da babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi. A Ƙonni aka tsaya aka karya, masu canjin naira da sefa suna zagaya mota. Daga nan Dogon Dutsi, sai Doso, inda Zabarmanci ya fara rinjayar Hausa a bakin ƴan talla. Sau da yawa aka sauke mu a shingen bincike, kowa da katinsa a hannu. Kusa da Kure na manna fuska ga gilashi, Allah ya taimake ni na hango raƙuman dawa biyu can nesa, tsaye cikin itatuwa, ba su ko kula da mu ba.

Ana kiran magariba na sauka. Tana tsaye a bakin tasha da hijabi ruwan toka, ta rame kaɗan, ta karɓi jakata da hannu biyu ta ce, "Baba, sannu da hanya. Ya mutanen gida? Ya ƙafar Inna?" Muka shiga taksi muka nufi Harobanda, hayin kogi, inda ƙanwata take da zama.

A kan Gadar Kenedi na ga abin da ya ba ni mamaki. Rabon Yamai da ruwan sama ya kai wata uku, ƙasa ta bushe, amma kogin Isa cike yake, har ya hau gonakin bakin ruwa. Mai taksi ya ce haka yake kowace shekara. Ruwan damina ne na duwatsun Gini, yana bazuwa cikin fadamun Mali, ya yi watanni yana jan ciki, sai tsakiyar hunturu yake isowa nan. Ɗiyata ta juyo ta ce, "Baba, ka riƙe wannan, zan tuna maka. Ba mu ga ruwan da aka yi a Gini ba. Amma wanda ya iya lissafi, daga cikar kogi a nan zai faɗa maka yawansa."

Daren nan dambu da zogale aka ci, aka yi hirar gida har goma. Na leƙa ɗakin da aka ba ta. Katifa, tabarma, kwamfuta ɗaya, da takardu tuli guda, duk an cika su da zane-zanen layuka masu haɗuwa suna rabuwa, wasu miƙaƙƙu, wasu kamar igiyar da aka murɗe. Ban tambaya ba. Na bari sai da safe.

Washegari da ƙafa muka taka zuwa jami'a. Na daɗe ban shiga ba. Wanda aka sa wa jami'ar sunansa a 1992, Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa ne a 1929, masanin fizik ne, ya yi shekaru yana shugabantar ofishin binciken makamashin rana na ƙasar nan, ya rasu a 1991. Kullum ina gaya wa ɗalibaina wannan, don su san cewa babbar makarantar ƙasarsu sunan malamin fizik take ɗauke da shi, kuma haifaffen ƙasar Hausa. Muka samu wani aji babu kowa. Ta goge allo, na zauna a bencin gaba.

Ta fara daga inda nake tsayawa da ɗalibaina. Furoton da nutron ba su ne ƙarshe ba, kowane ɗaya kwak uku ne a ɗaure. Kwak iri shida ne, ana kiransu da haruffa: u, d, s, c, b, t. Biyun farko su ne suka gina duk abin da hannu ke taɓawa, daga gero har dutse. Sauran huɗun sun fi nauyi, ba sa zama, sai an haɗa ƙwayoyi karo da ƙarfi suke fitowa. Kowane kwak kuma yana da kishiya, nauyinsu ɗaya, cajinsu akasi. In kwak ɗaya ya ɗauru da kishiyar kwak ɗaya, shi ne mezon. Wanda ke ɗauke da c ana ce masa D, nauyinsa kusan ninki biyu na furoton. Wanda ke ɗauke da b ana ce masa B, ya fi furoton nauyi sau biyar da rabi. Su ne mezon masu nauyi. An tabbatar da c a Nuwamban 1974, ƙungiyoyi biyu a Amurka suka gano shi kusan lokaci guda, ɗaya a Burukheben, ɗaya a Sitanfod. Shi kuwa b a 1977 aka same shi a Fermilab, kusa da Shikago. Na ce to t fa, tunda ya fi su duka nauyi? Ta ce shi ba ya daɗewa har ya samu abokin ɗauri, kafin a ɗaura shi ya riga ya tafi. Don haka b ne mafi nauyin kwak da ake samu cikin mezon.

Kalmar wargajewa ita ta ruɗe ni tun a Tawa. Na ɗauka kamar tulu ne ya faɗi ya fashe, a tsinci katanga. Ta girgiza kai. "Katangar tulu da ma tana jikin tulu, Baba. Wannan rikiɗa ce. Abin da ke fitowa, da babu shi a ciki." Ta ja layi a allo ta rubuta b, ta karya layin ta rubuta c. Daga inda ya karye ta fitar da wani layi mai lanƙwasa ta rubuta W, shi kuma ya rabu biyu, elektaron ko ɗan'uwansa mai nauyi da ake kira muwon a gefe ɗaya, nutirino, wata ƙwaya marar caji, a ɗaya gefen. B ya koma D ke nan. W ɗin nan, wanda aka gano a 1983 a CERN, babbar cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai da ke kusa da Jeniba, ya fi furoton nauyi fiye da sau tamanin, wato ya fi mezon ɗin da ya fito daga cikinsa nauyi nesa. Na ce ta yaya ɗa zai fi uwarsa girma a ciki? Ta ce ai ba haihuwarsa ake yi ba, aronsa ake yi na ɗan lokacin da bai isa a gan shi ba, a mayar nan take. Nauyin nasa ne ya sa ƙarfin da ke jawo wannan rikiɗa yake da rauni, har ake kiransa ƙarfi mai rauni.

Idan aka raba sakan ɗaya gida tiriliyan, wato miliyan sau miliyan, ran mezon B bai wuce kashi ɗaya da rabi ba. Na ce subhanallahi. Ta ce a wajensu wannan tsawon rai ne, kuma da aka fara auna shi a 1983 masana sun yi mamakin daɗewarsa. A babbar na'urar CERN, zoben nan mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, B yakan yi tafiyar kusan santimita ɗaya kafin ya rikiɗa, kuma wannan ɗan taƙin ne LHCb, ɗaya daga na'urorin awo da ke kan zoben, take gani ta gane shi. Dalilin daɗewar tasa shi ne ƙofar da ke tsakanin b da c ƙunci gare ta. Akwai lamba da ke faɗin girman wannan ƙofa, ana rubuta ta Vcb, kusan 40 cikin 1000 ce. Ta zagaye ta da alli sau biyu. "Wannan lambar ce ta hana ni zuwa Tawa."

Daga nan muka shiga abin da ya ci mana rana, kuma shi ne ya fi zauna mini a rai.

Da a ce b shi kaɗai yake, lissafin rikiɗarsa da ɗalibin digiri na biyu zai gama shi a mako guda. Amma ba a taɓa ganin kwak shi kaɗai ba. Kullum a ɗaure yake, da wani ƙarfi dabam, ƙarfin ɗauri, wanda ƙwayoyin guluwon ke ɗauka. Kewaye da b akwai abokin ɗaurinsa mara nauyi da tarin guluwon suna kai da kawo kamar hadari. Hanyar lissafin da masana suka fi ƙwarewa a kai ita ce ta kusanto amsa mataki-mataki: a samu babban kaso, a ƙara ɗan gyara, a ƙara wanda ya fi shi ƙanƙanta, har a ga sauran ba su da tasiri. A cikin wannan hadarin hanyar ba ta aiki, don kowane gyara girmansa ya kai na bayansa. Masu gwaji a Turai da Japan suna auna mezon. Abin da ake son sani na kwak ne. Tsakanin biyun akwai hadarin nan, kuma aikin irin su ɗiyata shi ne su ratsa shi da alƙalami.

Na ce mata ban ga ta inda za a bi ba. Ta ajiye alli ta zo ta zauna kusa da ni.

"Baba, ka tuna akuyar Inna da turkenta?"

Na ce na tuna.

"Akuya tana zagaya turke, tana ja, tana dawowa. In da dare aka cire turken gawo aka kafa na ƙirya a ramin nan dai, da safe akuya za ta sani?"

Na ce ba za ta sani ba, muddin turken bai motsa ba.

"To b turke ne, c ma turke ne. Dukansu sun fi hadarin da ke kewaye da su nauyi sosai. Hadarin bai damu da wane ne a tsakiya ba, abin da ya sani shi ne akwai abu mai nauyi da ya riƙe shi. In b ya rikiɗa ya koma c bai gusa ba, hadarin zai ci gaba da zagayensa kamar ba a yi komai ba. Wannan mun san amsarsa ba tare da mun warware hadarin ba. Wahalar tana zuwa ne in sabon turken ya fizga ya yi gaba. Akuya za ta bi shi, ko igiya za ta tsinke?"

Wannan dabara, in ji ta, Natan Isgur da Mak Wayiz ne suka shimfiɗa ta a 1989, aka gina babban fanni a kanta. Kafin su, rikiɗar B zuwa D da ɗan'uwansa D* tana buƙatar ma'aunai shida da ba a sani ba. Suka nuna cewa in turken yana da nauyi ba iyaka, duk shidan suna komawa abu guda, kuma a inda turke bai gusa ba, ƙimarsa ɗaya ce cif. Sai dai turken gaskiya yana da iyakar nauyi, yana ɗan girgiza. Ga b gyaran ya kai kimanin kashi ɗaya cikin goma, ga c ya fi haka. Waɗannan gyare-gyaren su ne takardun da na gani a ɗakinta.

Akwai hanya ta biyu, ta ƙarfin kwamfuta. Ta ce in tuna ramukan dara da ake tonawa a ƙasa. Maimakon a ce fili da lokaci shimfiɗe suke ba yankewa, sai a mayar da su ramuka jere, a zuba kwak cikin ramukan, guluwon a tsakaninsu, a bar manyan kwamfutoci su yi watanni suna ƙirga. Kenet Wilson ne ya kawo wannan a 1974. Ita ba ta da irin waɗannan injuna. Masu su suna fitar da sakamakonsu a fili, ita kuma tana ɗauka ta haɗa da nata lissafin.

Ƴan aji uku ko huɗu sun leƙo suna neman wurin karatu, suka ga allo, suka tsaya a bakin ƙofa. Ta yafito su. Kafin azahar mun kai goma, tana bayani da Faransanci, in ta ga fuska ta ɗaure sai ta koma Hausa. Wani yaro ya tambaye ta ko sai mutum ya je Jeniba zai yi wannan aiki. Ta ce masu gina na'ura su ne sai sun je. Mai lissafi takarda yake buƙata, da kwamfuta, da intanet, da malamin da zai duba masa. Ta nuna musu rumbun arXiv a wayarta, inda tun 1991 masanan fannin suke ajiye rubuce-rubucensu kyauta, wanda ke Yamai ya karanta a ranar da na Tokiyo ya karanta. Ta faɗa musu cibiyar Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam, masanin fizik ɗan Pakistan, ya kafa a 1964 don masanan ƙasashe irin namu, da makarantar fizik ta Afirka da ake yi tun 2010 daga ƙasa zuwa ƙasa. Na ga yara biyu suna rubutawa a bayan hannu.

Rana ta uku na ce ta huta, ta raka ni gidan tarihi na Bubu Hama. Muka ga ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamada, da kututturen itacen Tenere da mota ta kaɓe a 1973. Amma a ɗakin yuraniyom muka daɗe. Ina kallon dutsen Arlit cikin gilashi, ta ce, "Baba, ga dangin aikina nan." Yuraniyom 238 sai ya yi shekara biliyan huɗu da rabi kafin rabinsa ya rikiɗa. Ya koma toriyom 234, shi kuma rabinsa yana tafiya cikin kwana 24, a haka a haka har a ƙare ga dalma. A wannan mataki na toriyom, abin da ke faruwa a can ciki shi ne kwak d ya koma u, ya ari W, elektaron ya fita. Zanen da ta yi mini jiya ne, haruffa kawai aka sauya.

Na tsaya shiru. Tun 1971 ake haƙar wannan dutse a ƙasarmu. Na koya wa yara da yawa sunansa da lambarsa. Ban taɓa gaya musu dalilin da ya sa yake rikiɗa ba, don ni ma ba a gaya mini ba. A ganina bai kamata ƙasar da ta yi shekara hamsin tana fitar da wannan dutse ta tsaya ga haƙa da lodi ba, a ce sanin abin da ke cikinsa na wasu ne. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, a ɗakin nan ne na samu bakin faɗarsa.

Da yamma muka sayi kilishi muka zauna a bakin kogi, muna kallon masu kwalekwale. Nan na tambaye ta me ya sa duniya take kashe dukiya a kan abin da ba ya kai ƙiftawar ido.

Ta ce tambayar tsohuwa ce. Lissafi yana nuna cewa a farkon halitta ƙwayoyi da kishiyoyinsu tare suka fito, kuma in suka haɗu cinye juna suke yi, su koma haske. Da sun yi daidai ta kowace fuska, da ba abin da ya saura. Amma ga mu, ga kogi, ga taurari. Ashe akwai ɗan bambanci tsakanin ƙwaya da kishiyarta. An fara ganinsa a 1964 cikin mezon K, mai ɗauke da kwak s. A 1967 Andire Sakarof na Rasha ya nuna cewa irin wannan bambanci sharaɗi ne na wanzuwar abin da muke gani. A 1973 Kobayashi da Maskawa na Japan suka ce bambancin zai fito da kansa cikin lissafi in kwak sun kai shida, a lokacin da uku kawai aka sani. Aka gina na'urori biyu musamman don mezon B, Belle a Japan da BaBar a Amurka, a 2001 suka tabbatar da maganar, a 2008 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel. A 2019 LHCb ta ga irin wannan bambanci a mezon D. "Amma Baba, duk wanda aka gani in an tara, bai kai ko kusa da abin da ake buƙata ba. Akwai saura a wani wuri." Na ce Allah ne masani. Ta ce haka ne, kuma shi ya ba mu hankalin dubawa.

Ta nuna kogi da haɓa. Idan akwai wata ƙwaya mai nauyin da babu na'urar da za ta iya ƙera ta yau, ana iya aronta na ɗan lokaci kamar W, ta taɓa yawan wata rikiɗa kaɗan. Ruwan Gini ke nan, cikar kogi a Yamai. Shi ya sa ake farautar rikiɗar da ba kasafai take faruwa ba. Akwai ta mezon Bs, wani irin B, zuwa muwon biyu, wadda lissafi ya ce tsakanin sau uku da huɗu ce cikin biliyan. Aka yi shekaru ana nema, a 2015 ƙungiyoyin CMS da LHCb na CERN suka fitar da sakamako tare, ya zo daidai da lissafin.

Sai ta yi shiru, ta karya kilishi ba ta ci ba. Ta ce akwai abin da ba ta gaya wa kowa a gida ba.

Ka'ida ta ce rikiɗar B zuwa K da elektaron biyu, da ta K da muwon biyu, yawansu ɗaya ne. Tun 2014 awo ya fara nuna na muwon ya gaza. A Maris na 2021 aka ce kusan 85 ne cikin 100. Masana suna da ma'aunin tabbaci, ba sa cewa an gano abu sai ya kai biyar, wannan ya ɗan haura uku. Duk da haka fannin ya ɗauki zafi, aka yi ta rubuta bayanai. Ita ma shekararta guda ta digiri na biyu a kan wannan ta tafi, tana lissafin wata sabuwar ƙwaya da za ta iya jawo giɓin. A Disamban 2022 masu awon da kansu suka fito da sabon bincike. Sun gano wasu ƙwayoyi da suka shiga ƙirga a matsayin elektaron alhali ba su ba ne. Da aka tace, giɓin ya rufe.

"Na yi kuka, Baba. Kwana biyu ban fita ba. Daga baya na zauna na yi tunani. Ba wanda ya kama su. Su suka sake duba aikinsu, su suka fito gaban duniya suka ce ga abin da muka samu. Na ce in dai haka mutanen nan suke, zan zauna cikinsu."

Daga nan ta koma kan lambar da ta zagaye da alli. Hanya biyu ake auna Vcb. Ta farko, a ƙirga duk rikiɗar da b ya koma c a dunƙule, ko me ya fito. Ta biyu, a zaɓi ƙofa ɗaya, kamar B zuwa D*, a auna ta da kyau, a yi amfani da lissafin turke da na ramukan dara. Lamba ɗaya ake nema, ya kamata amsa ta zama ɗaya. Amma ta farko tana ba da kusan 42 cikin 1000, ta biyu kusan 39. Shekaru ana sake awo, giɓin yana raguwa yana dawowa. Belle II a Japan tana tara sabon awo tun 2019. Kundinta a kan wannan yake: nawa ne daga cikin giɓin ya fito daga gyare-gyaren da masu lissafi suka yi watsi da su suna ganin ƙanana ne.

Na ga lokaci ya yi, na sauke mata saƙon mahaifinta kamar yadda ya ba ni, ban rage ba.

Ta ce saura shekara ɗaya da rabi in Allah ya yarda, kuma burinta ta dawo ta koyar a hayin nan da muke kallo. Game da kasuwa kuwa ta ce, "Kada ka gaya masa abin da ba haka ba, Baba. Ba a sayar da shi. Za ka ji ana cewa a CERN aka ƙirƙiro shafukan intanet a 1989, gaskiya ne, amma ba don wannan nake yi ba. Ina so in san lambar ne." Na ce ta rubuta mini lambobin biyu a takarda. Ta yage gefen wani shafi ta rubuta.

Rana ta huɗu na shiga Babbar Kasuwa na yi wa iyali tsaraba, na kwana da wuri. Da asuba ta raka ni tasha cikin sanyi, ta ba ni magani in kai wa Inna, ta tsaya har mota ta tashi.

Ban wuce gida ba sai da na biya rumfar Yaya. Ana shirin rufewa. Ya ba ni buhu na zauna, ya ce, "To?"

Duk hanya ina tunanin ta inda zan fara, tun daga Doso har Tsarnawa. Na bar kwak, na bar turke. Na ce, "Yaya, buhun gero tiya nawa ne?"

Ya ce arba'in.

Na miƙa masa takardar. Na ce buhu ɗaya ne, mutum biyu suka auna, kowa da tiyarsa, kowa amintacce. Ɗaya ya ce 42, ɗaya ya ce 39.

Ya kawo takardar kusa da ido. "Tiya uku a buhu ba wasa ba ne. Sun sake awo?"

Na ce shekaru suna sakewa.

"To ko tiyar ɗaya ta lotsa, ko hannun ɗaya yana ƙara tozo." Ya ɗan yi shiru. "Ko kuma akwai abin da ke cikin buhun nan wanda ba gero ba."

Na ce ita ma ukun nan ta lissafa mini, ta ce na ƙarshen ya fi wuya, amma ba a rufe ƙofarsa ba. Aikinta shi ne duba tiya ta biyu. Na gaya masa shekara ɗaya da rabi. Na gaya masa ba a kai shi kasuwa, kuma ita ce ta ce kada in ɓoye masa.

Bai ce komai ba. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba, inda ya zaro kuɗin motata. Sannan ya ƙwala wa yaron rumfa kira, ya ce ya buɗe buhun waken da aka ɗinke, ya auna tiya biyar, a kai tasha gobe da sassafe a ba motar Yamai.